Tsohuwar Kotun Alƙali: A Rushe Ko A Yaɓe?

Gabatarwa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa wata tambaya ce da ta hana ni sakat tun bayan girbi, na kuwa ga babu inda ya dace in kai ta sai wannan dandali namu, inda aka saba a baje magana a faifai kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Ni mutumin Nariya ne, cikin ƙaramar hukumar Kibiya, a ƙasar Rano. Da na je gida gaisuwa, a kan hanyar komawa Kano sai na ratse wani garin hakimi da ke kudancin jihar, wanda ba zan kama sunansa ba don kada a ce da wani nake. Garin ba baƙona ba ne, domin a wani ƙauye da ke ƙarƙashinsa aka haifi kakata ta wajen uwa, can kuma aka yi mata auren fari. Abin da ya kai ni shi ne in ga tsohuwar kotun alƙali ta zamanin En'e, wadda tun ina yaro nake jin labarinta. Na same ta tana nan tsaye, amma da ƙyar. Zanko ɗaya ya karye, indararo ya faɗi, ruwa ya bi bango ya yi masa kwari, awaki kuma sun mai da cikinta wurin shan inuwa. Wani mai shayi da ke gefe ya ce da ni ana ta maganar a baje ta a yi shaguna, tun da dai an daɗe da komawa sabuwar kotu ta siminti.

Labari iri biyu na gada game da wannan soro. Kakata, Allah Ya jiƙanta, a nan ta ƙwato gonar marayunta. Mijinta ya rasu, wansa ya haɗe gonar da tasa, ya ce mace ba ta da ta cewa. Ta yi sammako da goyo a bayanta, ta zo ta durƙusa gaban alƙali, aka kira shaidu, aka fitar mata da tumuninta, aka raba wa 'ya'yanta sauran. Duk sanda ta ba ni labarin sai ta ce, "Kai maigidan, ban ba kowa ko anini ba, kuma da tuwon gonar nan aka yi renon uwarka." Shi kuwa ƙanenta, wanda tela ne, a cikin soron nan aka yanke masa bulala da ɗaurin watanni, saboda an same shi a wurin laccar NEPU da tauraro a maƙale a rigarsa. Har ya koma ga Allah ba ya bi ta ƙofar wurin, kuma yakan ce da ni, "Abokina, ranar da ginin nan ya faɗi, ka zo ka yi mini albishir ko da a kabari ne."

To, ga tambayar: ginin da aka yi adalci a cikinsa, aka kuma yi zalunci a cikinsa, mene ne haƙƙinsa a kanmu? Mu rushe shi don mu huce wa wanda aka zalunta, ko mu yaɓe shi don mu tuna da wadda aka share wa hawaye?

Yadda Magina Suka Tsara Ta

Kafin mu yanke wa gini hukunci, ya kamata mu san shi tukuna, domin ko a shari'a ba a hukunta wanda ba a ji ta bakinsa ba.

Kotun soro ce ta ƙasa, irin wadda maginan Hausa suka gwanance da ita. Da tubali aka tayar da bangonta, watau curin ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa, aka mulmula da hannu, aka shanya a rana. Bangon yana da kauri sosai daga tushe, yana tafiya yana sirancewa har zuwa sama. Matsalar da magini yake fuskanta a wajen rufi ita ce azara, wadda ake tsagowa daga itacen giginya. Azara tana da ƙarfi, gara kuma ba ta cin ta da sauƙi, amma tazarar da take iya ɗauka da nauyin ƙasa a kanta ba ta wuce kamu huɗu ba, kimanin ƙafa 6 ke nan. Ɗakin shari'a kuwa yana bukatar fili, kuma ba a son ginshiƙi a tsakiya ya kare alƙali daga masu ƙara. Dabarar da magabata suka yi ita ce bakan gizo. Sai a dasa azara a jikin bango ta ɗan leƙo ciki, a ɗaure wata a kanta ta ƙara leƙowa, haka haka daga ɓangarorin biyu har su haɗu a sama, sa'an nan a lulluɓe su da ƙasa. In bakuna suka gitta wa juna a tsakiya sai a sami abin da ake kira ɗaurin guga, a kansa kuma tulluwa take zama. Wanda ya ɗaga kai a cikin irin wannan soro zai ga kamar an kife masa ƙwarya, alhali kuwa nauyin da ke samansa ya fi ƙarfin amalanke goma.

Daga waje akan shafe bangon da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Rufin kuma akan yi masa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. A nan mu mutanen ƙasar Rano muna da abin tinƙaho, domin a tarihin Hausa Bakwai Kano da Rano su ne ake kira sarakunan baba, kuma daga gindin karofi katsi yake fitowa. Ashe ke nan manomi da marini da majemi da mai saran giginya duk suna da hannu a rufin da alƙali ya zauna a ƙarƙashinsa. Talakawa ne suka gina kotun da kayan sana'arsu, da guminsu, sau da yawa ma ba da son ransu ba, domin aikin gayya na hukuma a wancan zamani ba a tambayar mutum ko yana da uzuri.

A ciki babu wani kayan ƙawa. Dakali ne guda a jikin bango, bai kai gwiwa ba, inda ake shimfiɗa wa alƙali buzu. A gefensa muhuti da magatakarda suke zama da tawada da littafin ƙara. Mai ƙara da wanda ake ƙara kuwa a daɓe suke zama, kafaɗa da kafaɗa, bayan kowa ya tuɓe takalminsa a bakin ƙofa. Akwai 'yan tagogi ƙanana can sama, ga kuma ƙofa mai faɗi tana duban fili, inda 'yan kallo da shaidu suke jira a gindin bishiya, ɗan doka yana kai da kawowa.

Abin Da Ginin Yake Faɗa

Mai karatu, kada ka ɗauka wannan tsari haka kawai ya faɗo. Kowane yanki nasa yana da abin da yake nufi a fiƙihun da alƙalan suka karanta. A cikin wasiƙar da aka ruwaito Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musal Ash'ari, an umarci alƙali ya daidaita mutane a mazauni da fuska da hukunci, don kada babba ya sa ran za a karkata gare shi, kada kuma mai rauni ya fid da tsammani. Daɓen nan da attajiri da ɗan ƙwadago suke zama a kai, shi ne wannan umarni aka mai da shi ƙasa. An kuma hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi, malamai suka haɗa da yunwa da ƙishi da duk abin da yake dagula tunani. Duk wanda ya taɓa shiga soron ƙasa da tsakar rana a watan bazara ya san yadda sanyinsa yake kwantar da zuciya. Kazalika malaman Malikiyya sun so alƙali ya zauna a masallaci ko a harabarsa, inda mace da baƙo da mai rauni za su iya isa gare shi ba tare da shamaki ba. Shi ya sa da Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, sai ya haɗa da ɗakin shari'a a cikin harabar.

Amma ginin yana da wata magana ta biyu, wadda ba a ciki ake jin ta ba sai an fito waje. Na tsaya a ƙofar kotun na ƙirga takuna zuwa ƙofar gidan hakimi, ban kai ɗari ba. Ɗakin da ake tsare masu laifi ma yana nan kusa. Haka tsarin yake a cikin birnin Kano, inda kotunan alƙalai suka zauna a Ƙofar Kudu daura da fada, aka kuma gina gidan yarin Kurmawa a kusa da ita. Wannan kusanci yana da amfaninsa, domin hukuncin da babu mai zartar da shi iska ne. Sai dai alƙalin da En'e ta naɗa, take biyansa albashi daga Baitulmali, take kuma da ikon tuɓe shi, in aka kawo masa wanda ake zargi da zagin En'e ɗin, ina za a sa ran ya karkata? Cikin soro yana cewa kowa daidai yake da kowa, wajen soro yana cewa akwai mai gida. Kakata ta cikin ta ji, ƙanenta kuwa ta wajen ce ta faɗa masa.

Taƙaitaccen Tarihi

Shari'a a ƙasar Kano ta girmi Turawa nesa ba kusa ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba a kan sarakuna. A Kano ne kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Liya'ul Hukkami a tsakanin 1806 da 1807, don ya koya wa jama'a yadda ake mulki da hukunci. A wancan lokaci gidan alƙali shi ne kotunsa, zaurensa shi ne ɗakin shari'a, manyan ƙararraki kuma a fada sarki yake yanke su tare da 'yan majalisarsa.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, ba su kawar da alƙalai ba, sai suka shigar da su cikin tsarinsu. Dokar kotunan gargajiya ta 1906 ta tsara su, aka hana wasu hukunce-hukunce irin su yanke hannu, aka ba Razdan da Di'o ikon duba littafin ƙara su sauya hukunci. A cikin shekarun farko na sarautar Sarki Abbas, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, aka umarci hakimai su bar birni su koma gundumominsu da zama, daga baya aka tura musu alƙalai. Daga nan ne kotun gunduma, irin wadda muke magana a kanta, ta samo asali. An buɗe makarantar horar da ma'aikatan shari'a a Shahuci a 1928, sa'an nan Makarantar Shari'a ta Kano a 1934 da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta koma makarantar nazarin Larabci da aka fi sani da SAS.

Da siyasar jam'iyyu ta kankama, musamman bayan kafa NEPU a Kano a ranar 8 ga Agusta 1950, sai kotunan nan suka shiga tsaka mai wuya. Mafi yawan masu riƙe da En'e suna tare da Jam'iyyar Mutanen Arewa, lauya kuma ba shi da izinin tsayawa gaban alƙali. An ɗaure 'yan adawa da dama a kan yin taro ba izini ko zagin sarauta, Hajiya Gambo Sawaba ma ta sha ɗauri, har da a Kano. Koke-koke sun yi yawa, har a 1958 aka kafa kwamitin masana shari'a a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, wanda shawararsa ta haifar da kundin hukunta laifuffuka da aka fi sani da Final Kod, aka fara aiki da shi a 1960. A 1967 gwamnatin soja ta yi dokar da ta raba kotuna da En'e, daga Afrilun 1968 suka koma hannun jihohi da sunan kotunan yanki, aka kuma soke kotunan sarakuna. A shekarar 2000 Jihar Kano ta mai da su kotunan Shari'a. Cikin waɗannan sauye-sauye ne aka riƙa gina sababbin kotuna na siminti da kwano, aka bar tsofaffin soraye ga ruwan sama da awaki.

Hujjar Masu Cewa A Rushe

Ba zan raina hujjar masu son a baje ginin ba, domin tana da ƙarfi, kuma jinina ne ya fara kawo ta. Suna cewa, na farko, duk abin da al'umma ta kashe kuɗi ta adana, to ta girmama shi ke nan. Yaya za a ce wa jikokin wanda aka yi wa bulala ba da haƙƙi ba su ba da gudummawar yaɓen ɗakin da aka wulaƙanta kakansu? Na biyu, garin da asibitinsa ba magani, makarantarsa ba rufi, ina shi ina kashe kuɗi a kan kango? Shaguna goma za su ciyar da gida goma. Na uku, adalci ba a jikin bango yake ba, a zuciyar alƙali yake. In alƙali mai tsoron Allah ne, ko a gindin tsamiya ya zauna zai yi gaskiya, in kuwa ba shi ba ne, ko da zinariya aka gina masa kotu aikin banza ne.

Akwai amsa ta ragwanci da akan ba su, a ce ai gini ba shi da laifi, ƙasa ce kawai. Ni ban yarda da wannan amsa ba. In da ƙasa ce kawai, da ƙanen kakata bai riƙa sauya hanya don ya kauce mata ba, da kuma kakata ba ta riƙa yi mata kallon gidan uba ba. Mun riga mun ga ginin yana magana. Abin da ya rage shi ne mu san matsayin da za mu ba shi.

Gini A Matsayin Shaida

A ganina kuskuren ɓangarorin biyu guda ne: kowa yana ɗaukar ginin a matsayin wanda ake ƙara, wani yana so a kashe shi, wani yana so a wanke shi. Alhali kuwa matsayinsa na gaskiya shi ne shaida. Kowa ya san ƙa'idar da aka yi aiki da ita a kan dakalin nan, cewa kawo hujja yana kan mai da'awa. Ƙanen kakata mai da'awa ne a gaban tarihi. Yana cewa an zalunce shi a wuri kaza, an fito da shi ta ƙofa kaza, hakimi yana zaune a tazara kaza. Shi ya rasu, tsararrakinsa ma sun kusa ƙarewa. In aka baje soron aka yi shagon sayar da katin waya, wa ya ci riba? Wanda ya yi zaluncin ne, domin an kawar masa da shaida ta ƙarshe. Yaron da za a haifa gobe, in aka ce masa an taɓa ɗaure mutum a garin nan don ya saurari lacca, zai ɗauka tatsuniya ce. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji.

Haka kuma shaidar tana yi wa ɗaya ɓangaren aiki. Akwai masu ganin duk abin da aka yi a zamanin En'e duhu ne da danniya, wai sai da aka zo da lauya da Turanci talaka ya san haƙƙinsa. Gonar kakata ta ƙaryata su. Bazawara marar karatu ta shigar da ƙara da bakinta, da harshenta, ba tafinta ba lauya, ta kuma koma gida da hukunci. Littattafan majalisar shari'ar Sarki Abbas na 1913 da 1914, waɗanda wani masani Ba'amurke mai suna Allan Christelow ya fassara ya buga a 1994, cike suke da ƙararrakin talakawa a kan gona da gado da sata. Wanda ya san yadda ƙarar gona takan shekara tana yawo a yau, ana ɗagawa ana sake ɗagawa har mai ita ya sayar da rabinta don ya biya kuɗin shari'a, ya san muna da abin koyo a wurin mutanen da. Kyakkyawar shaida ita ce wadda ba ta jin daɗin kowa, tana hana mai begen jiya yin ƙarya, tana kuma hana mai zagin jiya yin ƙari.

Saboda haka adanawa daban, girmamawa daban. Wasu al'ummu sun gane wannan. A birnin St. Louis na Amurka akwai tsohuwar kotu inda wani bawa mai suna Dred Scott da matarsa Harriet suka shigar da ƙarar neman 'yanci a 1846, ƙarar da ta kai ga Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke a 1857 cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne. Ba su rushe ginin don kunyar wannan hukunci ba. Sun mai da shi gidan tarihi, a 2012 kuma aka kafa mutum-mutumin mata da mijin a gabansa. A Afirka ta Kudu, da mulkin wariyar launin fata ya faɗi, sai suka zaɓi harabar tsohon kurkukun Johannesburg, inda aka taɓa tsare Gandhi da Mandela, suka gina Kotun Tsarin Mulki a ciki, aka buɗe ta a 2004. Da tubalan wani sashen kurkukun da aka rushe aka yi bangon ɗakin shari'ar, don alƙali ya riƙa ganinsu yana tuna abin da doka takan zama in ta koma hannun mai ƙarfi.

Mu ma ba a ce ba mu adana komai ba. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa suna nan a Kano, a Jos kuma akwai kwaikwayon Masallacin Zariya a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da masanin nan ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya assasa. Mun kuma yi asara, kamar Ƙofar Na'isa da aka rushe a 2010 don faɗaɗa titi, aka maye ta da sabuwa. Amma mai karatu ya lura, abin da muke adanawa fada ne da masallaci da ƙofar gari da gidan Bature, watau wuraren manya. Ɗakin da talaka ya durƙusa ya fuskanci hukuma ido da ido, shi ne babu mai waiwayarsa, alhali a nan ne mafi yawan kakanninmu suka san ɗanɗanon mulki, mai daɗi da marar daɗi.

Maganar kuɗi kuwa, ginin ƙasa ba ya cin abin da ake tsammani. Ƙasa tana nan, magina ba su ƙare ba, abin da yake bukata shi ne a gyara indararo, a toshe tsaga, a yi yaɓe kafin ruwa ya sauka. Kuma ba sai an kulle shi ana jiran 'yan yawon buɗe ido ba. Ana iya mai da shi ɗakin karatu, ko wurin da dattawa za su riƙa sulhunta manoma da makiyaya da ma'aurata, aikin da ya yi kama da wanda aka gina shi dominsa.

A nan ne ma na ga wani darasi da siminti ya ɓoye mana. Soron ƙasa ba a gama gininsa. Kowace shekara sai an koma masa, in aka yi sakaci damina biyu ko uku sai ruwa ya sami hanya, azara ta ruɓe, tulluwa ta rufto. Duk soron da ka gani ya shekara ɗari, to mutane ne suka yi ta zaɓar su raya shi shekara bayan shekara. Adalci ma haka yake. Mun yi zaton da aka raba kotu da En'e a 1968 an gama aiki, kamar yadda wasu suka yi zaton an gama a 2000. Amma tazarar da ke tsakanin dakalin alƙali da ƙofar mai mulki ba a auna ta sau ɗaya a huta. Kowane zamani sai ya sake ƙirga takunsa.

Sai dai ina da sharaɗi guda, kuma in ba a cika shi ba na koma bayan ƙanen kakata. In za a yaɓe ginin ne a rataya hotunan hakimai da alƙalai, a rubuta kirari, a yi shiru a kan bulalar da aka yi a ƙofarsa, to an mai da shaida mai shaidar zur, gara a bar shi ya faɗi. Dole labarin bazawarar da labarin telan su zauna a bango ɗaya.

Aikin Da Ya Rataya A Wuyan Marubuci

Wannan sharaɗi kuwa ba magini ne zai cika shi ba, mu ne. Bango yana riƙe wuri, amma ba ya riƙe suna da zance. Sau nawa muke karanta labarin da marubuci ya kai jaruminsa kotu, sai mu ga lauya yana daka tsawa, alƙali yana buga guduma, duk an kwaso daga finafinan Indiya, alhali a garin marubucin akwai tsohuwar da ta taɓa tsayawa gaban alƙali, tana zaune a tsakar gida babu mai tambayarta? Ina kira ga 'yan'uwa, musamman masu tasowa, kowa ya nemi tsohuwar kotun gundumarsu. Ya auna tsawonta da faɗinta, ya ƙirga bakunanta, ya tambayi magina sunan kowane sashe, ya zauna da dattawa ya rubuta abin da suka gani, na yabo da na suka. Ya bincika inda littattafan ƙara suka shiga kafin gara ta gama da su, ya leƙa Gidan Ɗan Hausa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Wanda ya yi haka zai samu labaran da suka fi na aro, zai kuma sauke wani nauyi na kakanninsa.

Kammalawa

Kafin in bar garin na sake shiga soron, na kori awakin, na zauna a daɓe inda masu ƙara suke zama. Daga nan dakalin alƙali bai fi taku uku ba, ta ƙofa kuma ina hango zankayen gidan hakimi. Na tuna alkawarin albishir da aka ɗora mini, na kuma san ba zan so in cika shi ba. Abin da nake fata in kai wa ƙanen kakata shi ne labarin cewa ginin yana nan, an rubuta abin da aka yi masa a cikinsa, yara suna karantawa. Mai shayin ya ce ba a riga an sa ranar rushewa ba, damina kuma tana tafe.

Wannan ra'ayina ne, wanda yake da saɓaninsa fili a buɗe yake a fitowa ta gaba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, waɗanda suka yi hukunci da waɗanda aka yi wa, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya a kansu baki ɗaya, amin.